Kwabo Uku a Ƙarƙashin Masai

Tasi'u ya iso da hantsi,
jakar sifanu na ƙara a bayan babur ɗinsa.
Sabon masai yana zaure cikin kwali,
fari fat, jiya na ɗauko shi Ƙofar Ruwa
bayan ciniki har da rantse-rantse.

Tsohon kuwa ya shekara talatin da ɗaya
a lungun gidanmu na Gwammaja.
Ya tsage daga wuya,
ya yi launin haƙorin mai cin goro.

Muka rufe ruwa.
Noti ɗaya ya ba da kai, ɗayan ya ce sai dai zarto.
Muka ciccibe shi mu biyu kamar majinyaci,
muka kwantar a tsakar gida.
Abin da ya taso daga ramin ba sai na faɗa ba.
Tasi'u ya cusa tsumma a bakin bututun,
ya ce, "To, yi mana shiru."

Sannan ya durƙusa, ya daɗe.
Ya ɗora ma'aunin lebur a kan zoben,
ɗigon iskar nan na cikin koren ruwa
ya gudu gefe guda ya laɓe
kamar yaron da ya zubar da canji.

"Maigida, zoben nan ya karkace.
Gabas ta ɗaga, yamma ta nutse,
tsakaninsu ya kai kaurin yatsa.
In na ɗora sabo a haka, rawa zai yi,
in ya yi rawa roba ta saki,
in ta saki..."
Sai ya taɓa hancinsa.

Na ce, to shi tsohon me ya hana shi rawa?

Ya sa cizal ya kankare busasshen siminti,
sai ga su a gefen da ya nutse:
kwabo uku, ɗaya bisa ɗaya,
sun yi kore, sun manne da juna.

Na gane hannun. Baba ne.
Mai naɗe takarda ya cusa a ƙafar tebur,
mai ɗaure tabarau da zaren lilo,
mai cewa, "Na wucin gadi ne, sai an yi albashi."
Albashi ya zo, ya tafi, ya zo,
ya rikiɗa ya koma fansho,
har aka ɗauki mai shi zuwa makwanci.
Su kuwa suna nan cikin duhu
suna ɗauke da nauyin gida guda,
ba wanda ya taɓa ce musu sannu.

Inna ta leƙo, carbi a hannu.
"Ana gobe sunanka ne, baƙi na hanya,
mai aikin ya karɓi kuɗi ya ɓace.
Da fitilar ƙwai ubanka ya ƙarasa shi."
Ashe ni da masan nan sa'anni ne.

Tasi'u ya ce hanya biyu ce.
Ko mu ƙara wa kwabban 'yan'uwa,
ka sallame ni kafin azahar;
ko in fasa kewayen, in rage wuyan bututun,
in sa sabon zobe, in zuba siminti,
ku kwana biyu kuna sallama gidan Malam Mudi
da buta a hannu.

Na dubi kwabban. Na dubi gwiwoyin Inna.
Na ce, fasa.

Ƙura ta tashi, tayil huɗu suka tafi.
Ya auna, ya rage, ya sake aunawa,
yana bi da cokalin gini a hankali,
har ɗigon nan ya fito daga maɓoyarsa
ya tsaya tsakanin layi biyu,
tsaf, kamar liman.

Ranar Laraba muka ɗora sabon.
Ya ɗaure noti, kaɗan nan, kaɗan can,
wai tangaran ba ya son a matsa masa.
Ya sa gwiwa ya tura. Ko gezau.

Kwabban na wanke su da toka da lemon tsami.
Da dare na zauna rubutu a teburin Baba,
ya yi ɗan gyangyaɗin nan nasa,
takardar ƙafarsa ta daɗe da cinyewa.
Na sunkuya na cusa guda biyu.
Ya tsaya.

Na wucin gadi ne.